Fashin Baƙi: Yadda Ake Shirya Kayan Mai Nutson Ceto da Tsamo Gawa

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife da mutane, akwai maganar da nake yawan ji a bakin jama'a: da hukuma ta sayo kayan nutso irin na Turawa, da ba a yi asarar rayuka haka ba. Na ji ta a watan Mayun 2021, lokacin da jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Na sake jin ta a ƙarshen Nuwamban shekarar, da kwale-kwalen da ya taso daga Badau ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. A irin waɗannan ranaku, masunta da Sarkawa da samarin gari ne ke fara faɗawa ruwa, daga su sai gajeren wando da numfashi ɗaya a ƙirji. Allah ya saka musu da alheri.

Maganar jama'a tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera regiletar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a Faransa cikin 1943, kayan sukuba, wato kayan nutso da mutum ke goya silindar iskarsa a baya, suka bazu a duniya, amma mafi yawan waɗanda ke kasuwa an yi su ne domin mai yawon buɗe ido. Shi wannan yana nutso ne a ruwa garai-garai irin na Bahar Maliya, yana hango abu daga nesa, abokinsa na gefensa, kuma ranar da bai ga dama ba sai ya fasa. Mai nutson ceto ba ya zaɓar ruwa, ba ya zaɓar rana. Inda mutum ya nutse, nan zai shiga, ko kududdufin bayan gari ne ko gindin gada. Shi ya sa rundunonin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na Amurka da Turai masu wannan aiki suka sake wa kayan tsari tun daga kai har ƙafa. In aka ɗauki kayan ɗan yawon buɗe ido aka rataya wa ma'aikacin ceto aka tura shi kogi, ana iya wayar gari da gawa biyu maimakon ɗaya.

Bari in fara gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare, har a kafafen labarai. Silindar da ke bayan mai nutso ba ta oksijin ba ce. Iskar da muke shaƙa ce aka tace, aka busar, aka matse. Tsantsar oksijin takan zama guba idan aka wuce zurfin kamar mita 6, ta sa mutum jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma mai jijjiga a cikin ruwa ba ya iya riƙe regileta a baki. Wanda ya ɗauko silindar asibiti da niyyar taimako zai kashe mai nutso ne.

Abu na farko da mai shirya kayan nan yake sa wa a ransa shi ne, mutumin da zai tura makaho ne. Ruwan koginmu da damina ja ne wur. Ko a tafkin da ya kwanta, da zarar gwiwa ta taɓa laka shi ke nan, hannunka ma ba ka gani, tocila kuwa sai ta zama kamar fitilar mota a cikin hazo. Da lalube ake aikin. Mai nutso yana kwance rub da ciki a ƙasan ruwa, yana share laka da hannu ɗaya, ba ya iya karanta gejin iskarsa, bai san gabas ba bai san yamma ba. Duk wani abu da ke jikinsa dole ne ya iya kai hannu gare shi ido rufe, da safar hannu mai kauri, cikin firgici. Abin da bai cika wannan sharaɗi ba, a bar shi a mota.

Daga nan ne igiya ta samo matsayinta, kuma a ganina ita ce uwar kayan duka, duk da ta fi kowanne araha. Ɗan yawon buɗe ido yana dogara da abokin nutsonsa. A ruwan da ba a gani, mutum biyu a ƙasa ba su da amfanin da za su yi wa juna, sai ma su harɗe. Saboda haka mutum ɗaya ake turawa, a ɗaure shi da igiya, wani ya riƙe ɗaya bakin a gaɓa ko a cikin jirgi. Wannan mai riƙon igiya shi ne idon mai nutso. Yakan sake masa igiya gwargwadon wani tsawo, mai nutso ya ja ta ta miƙe tsaf, ya yi ta rarrafe daga dama zuwa hagu kamar zanen baka. In ya kai iyaka a ja masa alama, a ƙara masa ɗan tsawo ko a rage, ya juyo. Da haka ake share wuri taku bayan taku, a san inda aka duba da inda ba a duba ba. Igiya ta saki, lissafi ya ɓaci, domin mai riƙo bai ƙara sanin inda mutuminsa yake ba. Rundunoni da dama ba sa barin tsawonta ya wuce mita 40 zuwa 45, saboda in ta yi tsawo fiye da haka jan ba ya isa da kyau.

Da jan igiyar ake magana. Tsarin ya bambanta daga runduna zuwa runduna, amma a ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu, idan mai nutso ya ja sau ɗaya yana cewa lafiya lau, sau biyu a ƙaro igiya, sau uku na samu abin da ake nema, sau huɗu ko fiye ina cikin matsala. Akwai igiyoyin zamani da aka saƙa wayar magana a cikinsu, mai nutso ya yi magana a ji shi a sama, shi ma ya ji. Suna da amfani ƙwarai, musamman don mai riƙo yana jin yadda mutuminsa ke numfashi, yana gane ya fara haki tun kafin shi ya faɗa. Duk da haka ba a barin koyon ja, domin batir na mutuwa.

Inda ake ɗaura igiyar ma magana ce babba. Ba a ɗaura ta a ƙugu, kuma ba a bar wa mai nutso ya naɗa a hannu, domin wanda ya suma ba ya riƙe komai. Ɗamara ta musamman ake sa masa a ƙirji da kafaɗu, a saman rigar nutso amma a ƙarƙashin falmaran ɗin da ke ɗauke da silinda, sai a maƙala igiyar a zoben ƙarfe da ke ƙirji da ƙugiya mai kulle. Hikimar sa ta a ƙarƙashi ita ce, idan silinda ta sarƙe da wani abu har ta kai ga mai nutso ya tuɓe falmaran ɗin gaba ɗaya, har yanzu yana haɗe da mutanen sama. Masana aikin sun yi saɓani kan ƙugiyar. Wasu na son mai kulle, kada ta buɗe da kanta. Wasu na son wadda ake fizge ta da hannu ɗaya, saboda a ruwa mai gudu igiya kan iya danne mutum a ƙasa ya kasa tashi. Ni dai na fi karkata ga cewa a ruwa kwantacce a kulle, a kogi mai ƙarfi kuma a fara tambayar ko ya dace a shiga ma tukuna.

Sannan ba a tura mutum ƙasa sai da na biyu zaune a bakin ruwa cikin cikakkiyar shiga, abin da ya rage masa kawai ya ja marufin fuska ya faɗa. In na ƙasa ya maƙale, shi zai bi igiyarsa har ya iske shi. Rundunoni masu tsauri suna ajiye na uku wanda ya kusa gama shiri. Ke nan kafin mutum ɗaya ya jiƙa, ana bukatar huɗu ko biyar a tsaye. Hukumar da ta sayi kayan mutum ɗaya tak ba ta kafa rundunar nutso ba tukuna.

Yanzu lissafin iska. Silindar da aka fi amfani da ita ta alminiyam ce mai cin kamar lita 11, ana cika ta zuwa wajen bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wato iska kusan lita 2,200. Mutum mai aiki matsakaici a doron ƙasa yakan shaƙi kamar lita 20 a minti. Amma duk mita 10 na zurfi yana ƙara wa jiki matsi daidai da na sararin sama guda, don haka a mita 10 abin da yake ci ninki biyu ne, a mita 20 ninki uku. A cire bar 50 da ba a taɓawa, saura lita 1,650. A mita 10, mai nutsuwa zai samu minti arba'in da ɗoriya. Wanda hannunsa ya faɗa kan fuskar gawa cikin duhu, ko yake kokawa da igiyar ruwa, numfashinsa na iya kai lita 30 a minti ko fiye, sai lokacin ya koma ƙasa da rabin awa. Tunda shi ba ya ganin geji, na sama ne ke riƙe masa agogo. Ana rubuta iskar da ya shiga da ita da lokacin da ya nutse, kuma da yawa ba sa barin nutso ɗaya ya wuce minti 20 zuwa 25, domin bayan haka hankali kan fara raguwa, hannu ya wuce ta kan abin da ake nema bai ji ba. Ƙwarewa ba ta hana wannan haɗari. Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasu ranar 6 ga Yulin 2018 a kogon Tham Luang yana kan hanyar dawowa daga ajiye silindu domin ceton yara 'yan ƙwallo 12 da kocinsu da ruwa ya tare a cikin kogon.

Ɗan yawon buɗe ido yana da regileta ta biyu da ke rataye a gefensa, don ya miƙa wa abokinsa in iskarsa ta ƙare. Ga mai nutso shi kaɗai wannan ba ta da wani amfani, tunda daga silinda ɗaya suke sha, kuma tana jan laka, tana kama ciyawa, wani lokaci ta buɗe ta yi ta zubar da iska bai sani ba. Abin da ake sa masa a madadinta shi ne ƙaramar silinda ta ko-ta-kwana mai regiletarta daban, lita 3 ko 4. Lita 3 a bar 200 iska ce lita 600, wato kamar minti goma a mita 10 ga mai haki. Ba don ya ci gaba da aiki aka ba shi ita ba. Minti goman nan na jiran ɗan'uwansa ne ya sauko ya yanke abin da ya riƙe shi.

Abin da ke riƙe mutum kuwa ya fi ƙarfin lissafi. Ruwan da ake kamun kifi a cikinsa cike yake da tsofaffin taru da suka tsinke, da zaren roba da ido ba ya gani ko a ruwa mai haske, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Tafkin Kainji ya shanye dazuzzuka da garuruwa tun da aka gama madatsar a 1968, kututturan suna nan a ƙasa. A dausayin Haɗeja da Nguru ga ciyawar kacalla. A kududdufan cikin gari ga waya da tayoyi da ƙarafan gini. Doguwar wuƙar da ake ɗaurawa a ƙwauri, wadda kowa ya sani a hoto, ita ce mafi ƙarancin amfani a nan: in ƙafa ta sarƙe hannu ba ya kai wa gare ta, zaren roba yana zamewa daga kaifinta, kuma cikin duhu tana iya huda rigar mai ita. Almakashi mai ƙarfi, irin wanda ma'aikatan asibiti ke yanke tufafin majinyaci da shi, ya fi ta nesa ba kusa ba, don yana cin zare da waya da hannu ɗaya. Biyu ko uku ake ɗauka, a kafa su tsakanin baki da ƙasan haƙarƙari inda kowane hannu zai kai. Kowane tiyo a manne shi da jiki, duk wani abu mai lilo a ɗaure shi ko a cire, har bututun shaƙar iska na saman ruwa ba a ɗauka.

Sai batun ƙazanta, wanda ake yawan rainawa. Ruwan da gawa ta kwana a ciki, ko mota ta faɗa tana zubar da mai, ko magudanar gari ke kwarara cikinsa, ba abin sa wa a baki ba ne. A Kano akwai ruwan da masana'antun jima ke saki, a madatsunmu da yawa akwai tsargiya, wadda tsutsarta ta fata take shiga. Regiletar da ake cizawa a baki tana barin ruwa ya taɓa leɓe da hanci. Saboda haka ake amfani da marufin da ke rufe fuska baki ɗaya, irin Divator na kamfanin Interspiro ko Guardian na OTS. Wasu an yi su ne yadda iskar ciki ta ɗan fi ruwan waje ƙarfi, in gefe ya ɗaga iska ce za ta fita maimakon ruwa ya shigo. Wata fa'idar ita ce ko mutum ya suma marufin na nan a fuskarsa yana ba shi iska. Da irin wannan marufi aka fito da yaran Tham Luang bayan an yi musu allurar barci. Sai dai yana da nasa rikicin: in iskar babbar silinda ta yanke, yaya za a koma ƙarama? Ko dai a cire marufin a cikin ruwan da ake gudu a ciza regileta, ko a haɗa silindun biyu da bawul mai juyawa a ƙirji. Bawul ɗin ya fi tsafta, amma in an yi sakaci mutum na iya shiga ruwa yana shan ƙaramar bai sani ba, ranar bukata ya tarar ta ƙare. Maganin wannan shi ne dubawa da baki da hannu kafin kowane nutso, mai riƙon igiya na faɗa mai nutso na taɓawa.

Riga ma haka. Ta soso mai barin ruwa ya shiga tana shan ƙazanta, ba ta wankuwa sosai. Wadda ake so ita ce busasshiya ta roba mai santsi, haɗe da hula da safar hannu, a fito a wanke ta da burushi da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun mutum bai tuɓe ba. Turawa suna son ta kuma saboda sanyi, tunda ruwa yana zuƙe ɗumin jiki sau ashirin da wani abu fiye da iska. Mu matsalarmu ta juya. Ka sa mutum a rigar roba rufe ruf a bakin kogi a Yawuri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kafin a kira shi ya galabaita. Wanda ke zaman ko-ta-kwana yana bukatar inuwa da ruwan sha da mai zuba masa ruwa a jiki, kuma wannan tanadi dole ya shiga lissafin kaya kamar yadda silinda ta shiga. In gurɓacewar ta yi tsanani, sukuba ma ba ta isa ba, sai kwalkwali mai haɗe da riga wanda ake turo wa iska ta tiyo daga sama.

Dalmar da ke nutsar da mutum a wata ɗamara daban ta ƙugu ake sa ta, yadda zai kwance ta da hannu ɗaya. Ana so ya ɗan yi nauyi don ya kwanta a ƙasa, amma ba a cika masa ita. Idan ya samu gawa, kada ya hura wa falmaran ɗinsa iska, abin da ke sa mutum ya taso sama, don ya ɗago ta, domin in ta suɓuce zai harba sama, iskar huhunsa ta kumbura, kuma wannan na iya fasa huhu ko a ruwa marar zurfi. Tashi a hankali ake yi, kamar mita 9 a minti, ba tare da riƙe numfashi ba. Gawa ana sa ta a jaka mai raga tun a ƙasa, don mutunta mamaci da kuma kiyaye shaida in akwai bincike, sannan a ja ta da wata igiya daban. Abu mai nauyi kamar mota salkar iska ake ɗaura masa, kowace lita ɗaya ta iska na ɗaga kilo ɗaya, kuma ba a tsayawa a ƙarƙashinsa ko a samansa. A kusa da ƙofar madatsa ko bakin babban bututu kuwa ba a shiga sam sai an rufe an tabbatar, domin jan ruwan da ke wurin ya fi ƙarfin igiya da mutanen da ke riƙe da ita.

Duk wannan shiri yana ɗaukar lokaci, a nan ne kuma zuciya ke shiga. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 ba iska. Ƙa'idar da masu ceto a Birtaniya ke aiki da ita ta nuna cewa a ruwan da ya fi digiri 6 ɗumi, da wuya ƙwarai a samu mai rai bayan minti 30 a nutse, sai a ruwa mai tsananin sanyi ne ake kai wa minti 90. Ruwanmu mai ɗumi ne. Akan samu wanda Allah ya kuɓutar ta wata hanya, kamar Harrison Okene, kukun jirgin Jascon 4 da ya kife a tekun Najeriya a watan Mayun 2013, wanda ya yi kusan awa 60 a wani lungu mai iska a zurfin mita 30, har masu nutson da suka je kwaso gawawwaki suka iske shi da rai. Wannan sai a jirgi mai rufaffun ɗakuna. A kwale-kwale da kududdufi, kafin motar kaya ta iso aikin ya riga ya zama na tsamo gawa. Na san nauyin da ke kan mai nutso a lokacin: uwa na kuka a gaɓa, dangi na son a yi wa ɗansu sutura kafin rana ta faɗi, jama'a na cewa me ake jira. Haƙƙinsu ne a nemo musu shi, kuma aiki ne mai lada. Amma shugaban runduna dole ya iya cewa a dakata har gari ya waye, ko har ruwa ya rage gudu, domin shi ma na cikin rigar yana da uwa.

Akwai kuma abin da ba a gani a bakin ruwa, wato inda ake cika silinda. Kwampiresan mai faci ba ya kai bar 200, kuma iskarsa cike take da tururin mai. Na nutso daban ne, mai matatai da ake canzawa a kan lokaci, kuma dole a nisanta bakin da yake zuƙar iska daga hayaƙin janareta ko mota. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, mai nutso ba zai ankara ba sai ciwon kai da jiri sun kama shi a ƙasa. Silindar kanta a Amurka ana leƙa cikinta duk shekara, a gwada ƙarfinta da matsin ruwa duk shekara biyar. Regileta na son mai gyara da kayan gyara, robobin wuya da na hannun riga suna tsagewa in zafin sito ya dafa su. Da za a tambaye ni inda jiha za ta fara sa kuɗinta, zan ce ta tara masuntan da tun asali suke wannan aiki a Yawuri da Bagwai da Shiroro, ta koya musu aikin igiya da ɗamara da tsarin bincike, ta ajiye kwampiresa ɗaya mai kyau da wanda ya iya kula da shi, sannan ta sayo kaya na mutum biyar a tare.